Yadda Na Ɓoye Dije Daga Likita

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya riga ya san abin da zan faɗa. Sunana Mamman, dillalin shanu ne ni a Zangon Sokode tun zamanin Jamus, yanzu kuwa ƙafa ta ƙi, sai zaman zaure. Labarin ciwon matata Dije zan ba ku, da yadda muka yi jinyarta. Ban taɓa faɗa wa kowa shi dukansa ba, ko 'ya'yan da ta haifa. Abin da ya sa na buɗe baki yanzu, har gobe ina ganin mata a kasuwa sun naɗe wuya da mayafi cikin zafin rana, in ka tambayi mazansu su ce ai ba komai. Ni ma haka na ce.

Dije 'yar Dapaong ce, can arewa a ƙasar Moba. Mahaifinta, Baba Alhassan, shi ke sayen shanu a hannun Fulani yana turo mini, ni kuma in sayar wa mahautan Sokode. A wannan zirga-zirgar na gan ta, na nema, aka ba ni. Mace ce mai murya. In ta tsaya tsakar gida ta kira kajinta, har na maƙwabta sai sun taho. Fura take damawa ta sayarwa, kuma duk zangon an san ba ta sa ruwa a nono.

Bayan ta yaye ɗanmu na uku, wata safiya tana ɗaura tsakiyarta, dutsen adon wuya, ta ce mini zaren ya gajarce. Na yi mata tsiya, na ce furar da take sha a ɓoye ce ta fito. Ba ta yi dariya ba. Ta kama yatsana ta ɗora a gindin maƙogwaronta, ta haɗiyi yawu, sai na ji wani abu kamar ƙwayar goro ya hau ya sauko. Maƙoƙo ne, ba wanda bai san shi ba. A ƙauyukan kan duwatsu mata da yawa suna da shi, suna noma da shi, suna tsufa da shi. Na ce mata ta ƙara zare kawai.

Yayata Kande tana gidana tun rasuwar mijinta, kuma ba a taɓa yin ciwon da Yaya Kande ba ta san dalilinsa ba. Da fari ta ce gashin kyanwa ne ya faɗa cikin fura. Da abin ya ƙaru ta ce ruwan rijiyar bayan gida ne. Daga baya ta ce fushi ne Dije ke haɗiyewa yana taruwa a wuya, tana faɗa tana harara ta. A cikin mu ukun dai, ni da rijiya da kyanwa, kyanwar aka kora, don ita ce ba ta da mai tsaya mata.

Wata shida da farawa abin ya kai ƙwan kaza, muka kira wanzami. Ya tsaga wurin, ya kafa ƙaho, ya zuƙo jini baƙi ya nuna mana a ƙasa, ya ce ga cutar nan ta fito. Ya tafi da zakara. Kwana uku wurin ya kumbura ya yi ruwa, Dije ta yi mako biyu tana rawar sanyi. Da ta tashi, maƙoƙon na nan, ga tabo an ƙara mata. Bafulatanin da ke kawo mana nono ya ba da man shanu da kanwa a riƙa shafawa, ya ce in bai ji ba a ɗora masa wuƙa mai zafi. Dije ta ce ko za ta mutu ba mai sa mata wuta a wuya. Wani mai magani daga Gwanja ya rantse da kabarin ubansa cewa kwana arba'in abin zai narke, ya karɓi zanenta na aure, kafin kwana goma ya bi ayari ya ɓace. Malam Liman kaɗai ya faɗa mini gaskiya. Ya yi mata rubutu, ya ce wannan addu'a ce, amma in ci gaba da neman wanda ya san wuya.

To ina wanda ya san wuya? A bayan barikin Jamus akwai wata rumfa da ake ba da magani. Tun asuba ake layi: masu gyambo, masu kurkunu, leburorin aikin hanya da bayansu ya sha bulala. In dakarun bariki ko matansu suka zo, sai kowa ya ja baya, ko da rana tsaka suka iso. Kwana uku muna zuwa kafin layi ya kai kanmu. Mai ba da maganin wani mutumin bakin teku ne mai farar riga, Hausarsa ba ta wuce ta ciniki ba, Kotokoli, yaren 'yan garin, shi ma sai a hankali. Bai taɓa ta ba. Ya leƙa daga inda yake zaune, ya auno gishirin Turawa mai sa zawo ya miƙo. Dije ta yini tana zarya bayan gida. Mako na gaba muka koma, ya sake ba da gishirin nan. Abin da ya ba ta shi ya ba mai ciwon ido da ke gabanmu, shi ya ba mai karaya da ke bayanmu.

A zuwa na uku raina ya ɓaci, na ɗaga murya na ce shin wuya muka kawo ko ciki. Na zaci zai sa a kore mu. Sai ya ajiye cokalin ya dube ni.

"Ni ba likita ba ne," ya ce. "Wannan sai likita."

Na tambaye shi ina likitan yake, ya ce bakin teku. Yaushe zai zo? Yana zuwa. Na gode masa har yau a kan wannan gaskiyar, ko da yake sai da ya wanke wa matata ciki sau biyu kafin ya faɗe ta.

Na nemi takardar izinin tafiya kudu da ita. Tafintan bariki ya ce in dawo gobe. Na kai masa cinyar saniya, ya ce in dawo jibi. Haka muka yi ta yi har damina ta rufe hanya. Abin da ya fi ci mini rai kuwa, a wannan shekarar cuta ta shiga shanu, sai ga Bature an turo takanas tun daga bakin teku ya duba su. Ni na riƙe masa igiya. Ya yi rabin yini a kan wani bijimi, yana buɗe masa baki, yana latsa masa wuya, yana rubutawa a littafi. Da ya gama na durƙusa na roƙe shi ta bakin tafinta ya zo ya ga matata, gidan ba nisa. Ya yi dariya, ya ce shi masu ƙafa huɗu ya sani. Bijimi ya samu likita a Sokode, Dije ba ta samu ba.

Shekara ta biyu abin ya kai ƙoƙon shan fura, ya karkata gefen dama. Muryar nan ta dushe, sai ta yi tafi kafin kaji su zo. Tuwo ya fara tsaya mata, sai ta bi kowace loma da ruwa. In ta ɗauki tulu a ka sai numfashinta ya riƙa fito kamar ana hura kara. Sujada ta gagare ta, ta koma salla a zaune. Ta daina fita, don wasu mata sun fara cewa kada mai ciki ta kalle ta, kuma masu sayen fura suka ragu kamar maƙoƙo a ludayi ake ɗaukarsa. Ba ta yi kuka a gabana ba, sai dai kullum ta tambaye ni ko an ji labarin likitan.

Mu fatake akwai abin da muke taƙama da shi: labari ba ya riga mu isa gari. Kafin Baturen bariki ya san an ƙara wa gishiri kuɗi, mu mun sani. Ayari na sauka, kafin a kwance wa jakuna kaya, madugu ya riga ya zauna da masu gida ya zazzage abin da ya gani a hanya. Da wannan muke ci, da shi muke kauce wa haraji da aikin tilas. Da shi kuma na kashe matata.

Madugu Ɗanjuma ya sauka gidana da ayarin goro daga kudu. Bayan la'asar ya tara mu a zaure ya ce likitan Jamus na tafe, kwana takwas tsakaninsa da Sokode, kuma masu laluben wuya suna tare da shi. Mun san su. A lokacin Jamus na farautar masu ciwon barci, sun koya wa wasu mutane su bi gari gari suna latsa wuyan jama'a. Wanda aka ji masa kumburi sai a ware shi, dakaru su tasa shi zuwa wani sansani a kan dutse can kudu, a yi ta yi masa allura. Wannan ba ji muka yi ba. Isa mai goro, ɗan zangonmu, an kama shi a hanyar fatauci da idanunsa biyu garau, ya dawo bayan shekara ana ja masa sanda. Kullum muna wuce shi a ƙofar masallaci.

Ɗanjuma ya dube ni ya ce, in ɗan kumburi kamar gyaɗa ya kai Isa kan dutse, ina ga na gidanka. Ba wanda ya yi musu. Duk mai hali a zangon ya shiga shirin fitar da nasa. Wani ya tura uwarsa gona, wani ya kai ƙaninsa rugar Fulani. Ni da nake ganin na fi kowa dabara na ce gona ta yi kusa, dakaru na iya bi. Matar aure in ta tafi ganin gida ba mai tambaya, ko Bature ya san da wannan. Ga ayarin Ɗanjuma zai wuce arewa jibi. Na yanke za ta tafi Dapaong, tafiyar mako biyu da ɗoriya.

Na same ta tana tsince gero na faɗa mata.

"Malam," ta ce, "shekara biyu muna neman likita. Yau ga shi yana zuwa da ƙafarsa, sai mu gudu? Ka bari ya gan ni. In ya ce dutse, sai mu san abin yi."

Na ce in ya ce dutse ba sauran abin yi, igiya ce da dakaru. Ta ce ita dai ba barci take ji ba, numfashi ne ke gagarar ta, ko Bature ai ya san bambanci. Nan na yi mata tsawar da ban taɓa yi mata ba. Na ce ta je ƙofar masallaci ta tambayi Isa bambancin da suka sani. Na ce ni ne mijinta, kuma na gama magana. Yaya Kande ta goyi bayana, abin da ba ta saba ba. Wallahi don ina son ta na yi. Da ban damu da ita ba, da na bar ta a gida.

Na ɗora ta a kan jakin da ya fi kowanne lafiyar tafiya, Yaya Kande ta bi ta da yaran. Ni dole in zauna, don ranar duba kowane maigida sai ya tsaya da kansa ya faɗi mutanen gidansa.

Ranar ta zo, aka jera mu a ƙofar Sarkin Zango, maza gefe, mata gefe. Masu laluben suka bi mu ɗaya bayan ɗaya, yatsunsu a bayan kunnuwanmu. Da aka zo kaina na ce matata ta tafi ganin gida, aka wuce. Sun ware maza biyu, kuma waɗannan an tafi da su kudu, ɗaya bai dawo ba. Sai aka zo kan Azumi mai koko. Bazawara ce ba ɗa ba jika, ba ta da gona ba ta da ruga, ba ma wanda ya tuna ya gaya mata ta gudu. Maƙoƙonta ya fi na Dije, har kan ƙirji yake sauka. Likitan da kansa ya taso ya zo ya tsaya a kanta, ya latsa, ya sa ta haɗiyi ruwa, ya yi magana, aka wuce da ita bariki. Mata suka sa salati. Ni kuwa na koma zaure ina faɗa wa mutane cewa ga abin da na hango. Har yabona aka yi.

Kwana tara bayan haka ina tsaye a kara ana cinikin wata saniya, na ga mutane suna ruguwa bakin hanya. Azumi ce tafe da ƙafarta, ita kaɗai, da farin ƙyalle a wuya. Tana faɗa, wai wa ya ɗauke mata tukunyar koko. Ta kwance ƙyallen ta nuna wa mata. Ba komai a wurin sai layi ɗaya da ɗinkin zare, kamar bakin buhu. Ta ce an ɗora mata tsumma mai wari a hanci ta yi barci, da ta farka ta ji iska na shiga har cikinta. Na saki igiyar saniyar. Ban san wanda ya kama ta ba.

A guje na isa bariki. Likitan wani gajere ne ja, hannun riga a naɗe, ba fara'a ko kaɗan, yana ta yi wa ma'aikatansa ihu. Na ture layi, dakare ya ɗaga gindin bindiga, likitan ya hana shi. Ta bakin tafinta ya yi mini tambayoyin da shekara biyu ba wanda ya yi. A gaba abin yake ko a baya? In ta haɗiya yana motsi? Tana iya kwanciya rigingine? Numfashinta na fito? Da na ce yana fito, sai ya daina abin da yake yi. Ya buga maƙogwaronsa da yatsa ya ce "kurof". Kalmar nan ta zauna mini a kai har yau. Tafinta ya ce sunan maƙoƙo ke nan a bakinsu, kuma ba ruwansa da ciwon barci. Kumburin na barci a bayan wuya yake fitowa, ƙasan kunne, ko sabon mai lalube ya san wannan. Ya ce mai fito ba ya jira, in kawo ta yau. Kwana goma suka rage masa a Sokode.

"Ina take?" in ji tafinta.

"Dapaong."

Likitan ya san hanyar, na gani a fuskarsa. Ya faɗi wata magana gajeriya, tafinta ya ƙi fassarawa, sai da na matsa masa.

"Ya ce wa ya kai ta can?"

"Ni."

Na roƙe shi ya jira. Na ce zan ba shi shanu, ya zaɓa da kansa. Ransa ya ɓaci, ya ce shi ba mahauci ba ne, kuma ba shi ke sa wa kansa ranar tashi ba. Ya ce duk garin da ya je masu ciwon gaske sun gudu, sai masu ƙaiƙayi ake kawo masa. Na so in ce masa, to ku da kuke zuwa da igiya da bindiga, me kuke so mu yi? Wa ya makantar da Isa? Mai shela nawa gare ku ranar haraji, amma ba a samu ɗaya da zai zaga da ganga ya ce masu maƙoƙo su fito ba kan dutse za a kai su ba? Ban faɗa ba. Ban yafe musu wannan ba, kuma ba zan ɓoye ba, cikin waɗanda ya yanka a zuwan nan akwai wani dattijo da bai farka ba. Amma Azumi ta farka, ta yi shekaru tana sayar da koko a ƙofar gidana.

Na ari doki na kama hanya ranar. Na san lissafin bai fita ba, ko yaro ya sani, amma zama ya gagare ni. Damina ta riga ta sauka. Kogin Kara ya cika ya tsare ni kwana uku, ina zaune a gaɓa ina kallon ruwa. A Mango masu kwalekwale suka ƙi ɗaukar doki sai da ruwa ya ja. Ranar da na shiga Dapaong kwana goma sha uku ke nan da barina Sokode, likita ya riga ya yi kwana uku a hanyar kudu.

Ko da yana nan ma, Dijen da na tarar ba ta hawa jaki. Tafiyar ta gama da ita. Yaya Kande ta ce tun daga rabin hanya girgizar jakin ke shaƙe ta, sai a sauke ta a yi ta fifita. Na same ta a rumfar tsakar gidan ubanta, an kifa turmi an ɗora matashi ta jingina, leɓɓanta sun yi duhu. Baba Alhassan ya riƙe hannuna biyu yana sa mini albarka, wai na kuɓutar masa da 'ya. Da aka watse ta yafito ni. Sai na kai kunne kusa nake jin ta.

"Sun zo?"

Na ce sun zo.

"Azumi fa?"

Na dubi wuyanta, na dubi hanyar da na biyo. Ba likita a gaba, ba likita a baya.

"Sun tafi da ita," na ce.

Ta rufe ido ta yi mata addu'a. Yaya Kande na gefe tana cewa kin gani ko, kin gani ko. Yayar ma ban gaya mata ba har Dije ta mutu, na bar ta ta gani da idonta da muka koma Sokode. Ta ga Azumi a bakin tukunya, ta juyo ta dube ni. Wannan ne karo ɗaya a rayuwarta da ta rasa abin faɗa.

Mako shida muka yi a Dapaong. Makon farko tana shan kunu mai ruwa, cokali cokali, in an yi gaggawa ya sarƙe ta. Mako na biyu aka kawo wata tsohuwa 'yar Moba daga Korbongou, wadda aka ce ta san ciwon wuya. Ta shafa wurin a hankali da tafin hannu, ta saurari numfashin, ta ce abin ya shiga ciki, ita ba ta da maganinsa. Ta koya mana yadda za mu tallafe ta ta ɗan karkata hagu, ta ba da wani ganye a tafasa ta shaƙi tururin. Ya sassauta mata ƙwarai. Na ba ta kaza ta ƙi karɓa, ta ce ba ta warkar ba. Ba musulma ba ce, ban san sunanta ba, amma cikin duk waɗanda suka taɓa wuyan Dije ita kaɗai nake tunawa ba tare da raina ya ɓaci ba.

Mako na uku dangin uwarta suka zo da wani boka, ya zuba kuɗin wuri a ƙasa ya ce jifa ne daga Sokode, wata mai fura ce ke baƙin ciki, a kawo baƙar akuya. Na ɗauki sandar kiwo na raka shi har bakin hanya. Suka ce na raina su, wasu ba su sake gaishe ni ba. Daga mako na huɗu kunu ya daina wucewa sai ruwa da zuma. Yaya Kande, duk bakinta, ita ta riƙe jinyar nan. Ita ke juya ta, ita ke wanke ta, ita ke zama a bayanta ta zame mata jingina in turmin ya gajiyar da ita, har ƙafafunta suka kumbura. Allah ya jiƙan Yaya. Ni aikina fifita, da kallon ramin wuyanta yana shiga yana fita.

Ga abin da nake so mai jin wannan ya riƙe. Ban ce ku amince da duk mai farar riga ba, na ga abin da suka yi wa Isa. Ban ce duk mai ƙaho maƙaryaci ne ba. Amma wanda ya san ciwo ana gane shi da tambayarsa, wanda bai sani ba shi ke riga ka rantsuwa. In maƙoƙo ya fara fito, kada ku ƙara zare, kada ku jira. In labari ya zo muku a zaure, komai girman wanda ya kawo shi, ku tura mutum ya je ya gani. Kuma mai ciwo in ta ce a bari a gan ta, ku bari, ita ke jin abin da ke wuyanta.

Ranar wata Talata da hantsi, cikin mako na shida, Dije ta ɗan samu sauƙi. Ta sa aka gyara mata ɗankwali, ta ce a matsar da ita inda za ta ga shanun ubanta ana fita da su. Yaya ta tafi ɗebo ruwa, muka rage mu biyu. Ta kama bakin rigata ta jawo ni. Kalma biyu take yi ta huta.

"Malam, ka yafe mini musun da na yi maka a Sokode."

Na ce ba komai, na roƙe ta ta huta.

"A'a, bari in faɗa. Da ka biye mini, da yanzu ina kan dutsen nan kamar Azumi. Ba ido, ba kowa nawa. Ga ni gidan ubana, ga 'ya'yana, ga ka. Kai ka hango. Allah ya saka maka da alheri."

Tana kallona tana jira. Gaskiyar na bakina, ba abin da ya hana ni faɗa sai ni. Na ce amin.

Kafin azahar Dije ta cika, a jikin Yaya Kande. Wanda wannan labari ya iso gare shi ya roƙa wa Dije rahama. Ta tafi tana gode mini, kuma shekara talatin ke nan ban samu inda zan mayar da godiyar nan ba.